Babi Na Uku: Shekarar Mai Lambu Daga Kaka Take Farawa

Shekarar da na fara lambu a bayan gidanmu a Kano, wani ɗan'uwana ya dawo daga Ingila da tsarabar irin tumatir da na latas, a cikin 'yan takardu masu hotuna gwanin sha'awa. A bayan kowace takarda an jera watannin shekara, an shafa wa wasu launi: shuka a Maris ko Afrilu, dashe a Mayu, tsinka daga Agusta. Na bi jadawalin nan sau da ƙafa. Ban yi ƙwauron ruwa ba, ban yi ƙwauron taki ba. Latas ɗin da ƙyar kaɗan ya tsiro, wanda ya tsiro kuma ya miƙe sama ya yi tsiri, ganyensa ya yi ɗacin da ba ya ciyuwa. Tumatir ya yi ganye, ya yi fure, furen ya riƙa bushewa yana kaɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Wani dattijo mutumin wajen Kura, wanda ke kawo wa unguwarmu takin dabbobi a amalanke, ya tsaya ya daɗe yana duban shukar. Ya ce, "Malam, yaushe ka dasa wannan?" Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ai ka zo kasuwa bayan ta watse. Wannan kayan ɗari ne. Lokacin da kake shuka, mu muna kwashe na ƙarshe." Na ce, "To Baba, haka aka rubuta a jikin takardar." Ya ce, "Wanda ya rubuta, a garinsu ya rubuta."

Takardar ba ƙarya ta yi ba. A Ingila sanyi ne ke kashe shuka. Raɓa takan daskare a kan ganye cikin dare, ƙasa ta yi tauri, don haka mai lambu can yakan naɗe hannu tun daga Nuwamba yana jiran ɗumi. Mu namu hunturun ba ya kai ga haka. A Kano, cikin Disamba da Janairu, dare kan sauka zuwa wajen digiri 13, rana kuma ta tsaya kusa da 30. Mutum zai nemi bargo da garwashi, tsofaffi su yi ta hantse a bakin zaure, amma a wurin kabeji da karas da albasa da tumatir wannan shi ne lokacin jin daɗi. Abin da ke kashe shuka a wurinmu shi ne bazara, Maris zuwa Mayu, sa'ad da rana ke kaiwa digiri 40 kuma dare ba ya hucewa. Ba mu kaɗai ke da wannan juyayyen lissafi ba. A kudancin jihar Fulorida ta Amurka cikin hunturu ake noman tumatir, a Jazira ta Sudan cikin hunturu ake alkama, haka ma a arewacin Indiya. Duk inda sanyi bai kai ga daskarar da ruwa ba, shi ne kasuwar mai lambu. Ko itacen gawo ya nuna mana haka tun kaka da kakanni: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da sauran itatuwa suka yi tsirara.

Dalilin kaɗewar furen tumatir ɗina daga baya na gane shi. Furen yana da gari a ciki, wanda shi ke haɗa 'ya'ya. Idan zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 22 ko 23, garin nan yakan lalace, furen ya faɗi ba tare da ya ƙulla ba. Ruwa ba ya maganin wannan, taki ma haka. Latas kuwa irinsa ma ba ya son tsirowa a ƙasa mai zafi, in kuma ya girma zafi ya same shi, sai ya hanzarta yin fure don ya bar iri kafin ya mutu, ɗacin nan daga nan yake. Wanda ya fahimci wannan zai daina zargin hannunsa ko ƙasarsa, ya koma duban wata.

To ina shekara take farawa? Daga ɗaukewar ruwa. Ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da manoma ke fama da yankan gero da tonon gyaɗa, shi ne lokacin renon iri. A nemi wuri mai ɗan inuwa da rana, a tankaɗe ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ja layuka da yatsa, a zuba iri ba zurfi, a rufe da busasshiyar ciyawa. Da zarar ya fara leƙowa a ɗage ciyawar, in ba haka ba zai yi tsawo siriri ya kwanta. Kuskuren da na fi gani a reno shi ne cunkoso da yawan ruwa, sai ka ga 'yan tsirrai sun ruɓe daga wuya sun zube cikin kwana biyu. Tumatir yakan isa dashe cikin mako huɗu, kabeji da latas kusan haka, tattasai da attaruhu su ɗan fi, albasa kuwa sai ta yi mako shida zuwa bakwai, ta kai kaurin fensir. Karas ba ya son dashe. Inda zai zauna nan ake shuka shi, daga baya a rage, don in aka taɓa saiwarsa sai ta rabu biyu ko ta karkace.

Kafin irin ya isa, sai a gyara fangali. Na ga gidaje da yawa an tayar da ƙasa sama an yi gadon shuka mai tudu, don haka aka gani a hoto. Tudu na damina ne, lokacin da ake gudun ruwa ya kwanta. Da rani akasin haka ake so: fili mai faɗin mita ɗaya ko ɗaya da rabi, an kewaye shi da ɗan gaɓa, cikinsa ya ɗan faɗa ƙasa, yadda ruwa zai tsaya ya nutse kuma iska ba za ta lashe shi ba. Wannan dabara ta masu jigo ce a fadamu, tun kafin injin ban ruwa ya zo. A kowane fangali a zuba takin shanu ko na awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe, kamar bokiti guda a kowane faɗin mita, a juya da fartanya, a ba shi ruwa, a bar shi mako guda. Kashin kaji ɗanye wuta ne, yakan ƙone saiwa, sai ya shekara ko aƙalla ya yi wata biyu a rami. Takin juji kuma a tankaɗe shi sosai, don jujin yau ba na da ba ne, cike yake da leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura.

Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar, a ba shi ruwa nan take. Tumatir a ba shi tazarar santimita 45 zuwa 60, kabeji haka, latas 30, albasa 10 zuwa 15. Wanda ba shi da fili, buhun siminti ko na shinkafa da aka wanke aka huda gindinsa yakan ɗauki tumatir ɗaya ko latas uku, sai dai buhu yana saurin bushewa, ba ya yafe mantuwa.

Ina matsa wa mutane kan dashe da wuri, cikin Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, saboda dalili biyu. Na farko shi ne wanda na faɗa: a samu fure ya fito cikin tsakiyar ɗari. Na biyu ƙwaro ne. A 2016 wata ƙaramar tsutsa da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, ya shiga Sifen a 2006, daga can ya gangaro Afirka. Uwar wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, tsutsar kuma takan shiga tsakanin fatun ganye ta yi ta ci daga ciki, inda feshi ba ya isa gare ta da sauƙi. Cikin sanyi haihuwarsu a hankali take, da zafi ya kama kuwa sai su ninka. Wanda ya dasa da wuri yakan tsinke mafi yawan amfaninsa kafin rundunar ta taru. Je ka Kadawa ko Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke zuwa tun bayan kammala ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ka tambayi kowane manomi bambancin shukar farko da ta baya, zai ba ka labari da bakinsa. Kwandunan da ke cika kasuwar Kwanar Gafan cikin Janairu da Fabrairu, Oktoba aka yi musu aiki.

A ƙaramin lambun gida ido ya fi magani. Kowace safiya a ɗaga ganye a duba. Wanda aka ga farin zane a jikinsa kamar an ja alli, a tsinke a ƙone. Don ƙananan ƙwari masu tsotso da ke taruwa a ƙarƙashin ganyen kabeji da barkono, 'ya'yan darbejiya sun isa: a daka rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Ba ya kashewa nan take, yana hana su ci ne da hayayyafa. In dole ta sa aka sayi maganin kanti, a karanta kwanakin da za a jira kafin a tsinka, a kuma jira ɗin. Latas da za a ci ɗanye, 'ya'yanka ne za su ci. Haka kuma kada tumatir ya bi tumatir a fangali ɗaya, kada gauta ko barkono su gaje shi, don dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. A bi shi da albasa ko wake.

Hunturu yana da nasa sharrin, wato iska. Busasshiya ce, tana tsotse ruwa daga ganye yadda take fasa leɓe da dunduniya. Shingen zana ko na karan dawa a gefen gabas da arewa yana rage wahalar ban ruwa ƙwarai. Ƙura kuma takan lulluɓe ganye, don haka jifa-jifa a wanke shi da garwa mai rariya, da safe, yadda zai bushe kafin dare. Ban ruwan tumatir yana son ƙa'ida. Idan yau aka cika gobe aka bari ya yi yaushi, za a ga gindin 'ya'yan ya yi baƙi ya lotsa, ko fatar ta tsage. Mutane kan ce cuta ce su nemi feshi, alhali ƙishirwa da ƙoshi ne suka yi ta karɓa-karɓa. Albasa kuwa, idan wuyanta ya fara karyewa cikin Maris, a janye ruwa mako biyu kafin a tone, a shanya a inuwa. Da haka ne albasar Galmi ta Nijar da ta Aliero ta Kebbi ke yin watanni a rumbu. Mangwaro cikin wannan sanyi yake fure, kuma bushewar ce ke tura shi, don haka babban itace kada a dame shi da ruwa ko sara a Disamba da Janairu. Sassabe sai bayan an gama cin 'ya'ya.

Mutanen Jos su rage kaɗan daga abin da nake faɗa. A tudun da ya kai wajen mita 1,200, ruwa yana sauka tun Afrilu kuma zafi ba ya tsananta, shi ya sa dankalin turawa da kabeji ke yi musu da damina ma. Na Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi kuwa su ƙara gaggawa, bazararsu ta fi saurin zuwa.

Yanzu ga batun da aka fi tambayata, shimfiɗar ciyawa ta ado. Abu ne da ya zo mana tare da Turawan mulki, aka fara ganinsa a unguwannin da suka keɓe wa kansu, daga nan ya shiga ran duk wanda ya gina gida mai fili. A Ingila ruwa yana sauka kowane wata na shekara, ciyawa ba kasafai take jin ƙishirwa ba. A Kano ruwan shekara bai fi milimita 800 zuwa 900 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Sauran wata bakwai ko takwas daga aljihunka ne. Bari mu yi lissafi. Cikin zafin rani, ciyawar da ake so ta zauna kore tana shan kusan milimita 5 zuwa 7 a yini. Milimita ɗaya a faɗin mita ɗaya lita ɗaya ce. Fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi ke nan yana neman lita 500 zuwa 700 kullum, jarka 20 zuwa 28 ta mai lita 25. A unguwar da yara ke bin layin rijiyar burtsatse tun asuba, ni dai zuciyata ba ta ba ni in zuba wannan a kan abin da ba a ci. Ruwan nan zai shayar da fangalin da zai ciyar da gida biyu.

Ban ce kada a yi ciyawa ba. Ina da ita, kuma na san daɗin zama a kanta bayan magariba, na san yadda take kashe ƙura da hucin ƙasa, na ga yaro yana koyon tafiya a kanta ba tsoron faɗuwa. Abin da nake cewa shi ne a yi ta daidai shimfiɗar tabarma uku ko huɗu, a inda ake zama, sauran filin a ba itatuwa da tsakuwa da kayan miya. Sannan a zaɓi ciyawar da ta san ƙasar. Mai faɗin ganyen nan da ake kawowa daga Kudu tana da kyau a Fatakwal da Ibadan, tana jure inuwa, amma hunturun Arewa yana ƙone ta. Tamu ita ce kiri-kiri, wadda manomi ke tsinewa a gona. Abin da ya sa yake ƙinta shi ne ya sa ta dace: tana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa wadda ba ta mutuwa da sauƙi, tana jure taku, tana jure ruwa mai ɗan gishiri. Aibinta biyu: ba ta son inuwa ko kaɗan, kuma in ba a yi mata iyaka da bulo da aka binne ko ɗan rami ba, sai ta kutsa cikin fangali.

Kalandar ciyawa kishiyar ta kayan lambu ce. Ita da damina take rayuwa. Ana dasa ta ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan ruwa ya zauna. Kafin nan a tone filin a tsince aya-aya har 'ya'yanta na ƙasa, don duk wanda aka bari zai dawo da goma, kuma bayan ciyawa ta rufe ba ya fita. A daidaita ƙasa yadda ruwa zai gangara nesa da bango. A yayyanka jijiyoyin kiri-kiri, a binne su layi-layi da tazarar taƙi guda, a tattake. Cikin wata biyu za ta haɗe. Da marka ta kama a Agusta sai yanka kowane mako, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. Masu bari ta kai gwiwa sannan su sa adda su aske ta har ƙasa, su ne ke kuka da tabo-tabo da ƙarangiya. Taki sau biyu ya isa, farkon damina da kuma ƙarshen Agusta: kilo ɗaya na yuriya a fili mai mita 10 da 10, a watsa lokacin da ganye yake a bushe, ruwa ya biyo baya. Da kaka a barbaɗa mata tankaɗaɗɗen takin dabbobi haɗe da yashi, a share ya shiga.

Daga Disamba za ta rage girma, ta fara yin ruwan ƙasa. Barci take yi. A nan mutane ke firgita, su zuba takin zamani, su yi ta yayyafi safe da yamma, yayyafin da bai wuce saman ƙasa ba, wanda ke koya wa saiwa zama a sama inda rana za ta same ta. Ni nakan daina taki ɗungum, in bar ta ta ɗan fi tsawo, in ba ta ruwa mai nutsewa sau ɗaya a kwana goma ko mako biyu, don jijiyar ta rayu kawai. Ruwan alwala da na ɗauraya ma a kanta nake juyewa. Busasshen da ya taru a share shi, in ba haka ba gara za ta shigo. Mako biyu bayan ruwan farko mai ƙarfi, kore zai dawo da kansa.

Bazara lokacin kare abin da ake da shi ne. A rufe gindin kowane ɗan itace da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, kaurin yatsu huɗu, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara. A yi wa gwanda da ƙananan lemo rumfar zana. Fangalin da aka kwashe a juya shi a bar rana ta gasa, tana rage tsutsar saiwa. In ana son kore a tukunya, alayyafo da kuɓewa suna jure zafi in da ruwa, zogale kuma a datse shi daidai ƙugu, zai fito da sabon ganye da iskar damina ta fara kaɗawa. Mai son fure a wannan lokaci ya nemi kariya, wadda ke yin ja a kan reshe ba ganye, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki.

Damina ba ta buƙatar dogon bayani, kowane Bahaushe ya san ta. Lalo, rama, yakuwa, kuɓewa, kabewa, gurji, masara 'yar gashi, duk a kan kunya. Tumatir da albasa suna wahala da ciwon ganye da ruɓa, shi ya sa suke tsada a kasuwar 'Yankaba a wannan lokaci. Duk itacen da za a dasa, gwaiba ne ko rumman ko lalle na shinge, a dasa shi cikin Yuli don ya sami wata uku na ruwan sama kafin a koma ga bokiti.

Aiki ɗaya ne na damina da nake roƙon kada a tsallake. A haƙa rami a lungu, zurfin gwiwa zuwa cinya. Duk ciyawar da aka yanka, da ganyen da aka share, da ɓawon kayan miya, da kashin awaki, da 'yar toka, a riƙa zubawa hawa-hawa ana rufewa da ƙasa kaɗan. Aya-aya da kiri-kiri mai jijiya da duk ciyawar da ta riga ta yi iri kada su shiga. A juya shi sau ɗaya cikin Agusta, in marka ta yi yawa a ɗora masa tsohuwar tabarma. Zuwa farkon Oktoba zai zama baƙi, mai laushi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya daka, daidai lokacin da irin tumatir ke fitar da ganye na biyu a wurin reno.